Ko Ubangida Yana da Iko Bisa Jikin Ma'aikacinsa?

Wanda ya sauka a Gyadi-Gyadi cikin birnin Kano, ya tsaya a bakin hanyar Zariya, zai tarar da manyan gidaje biyu ba nesa da juna ba. Ɗaya Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ne, inda a ke kai masu ciwo. Ɗayan kuwa Babbar Kotun Tarayya ce, a titin da a ke kira Court Road, inda a ke kai masu ƙara. Daga nan har kasuwar Tarauni da Unguwa Uku akwai ƙananan asibitoci na kuɗi, da kantunan magani, da makarantu, da bankuna, da gidajen burodi, da gidajen mai. Mutane da yawa suna cin abinci a waɗannan wurare, cikinsu kuwa har da 'yan'uwanmu masu bi. Ba gwamnati ce ta ɗauke su aiki ba. Ubangidansu mutum ne kamarsu, wanda ya zuba dukiyarsa ya buɗe wurin sana'a. Tambayar da mu ke so mu duba a wannan wata tana zaune ne tsakanin asibitin nan da kotun nan. In ubangida ya ce kowa ya yi allurar rigakafi ko ya ajiye aiki, ma'aikaci kuwa ya ce addininsa ya hana shi, wa ke da gaskiya?

Mai karatu zai tuna yadda maganar ta taso. A watan Afrilu 1920 ba mu nan, amma a watan Afrilu 2020 muna nan, mun kuwa ga abin da ya faru. Cutar korona ta shigo Kano, masu haƙa kabari suka gaji, dattawa suka yi ta faɗuwa ɗaya bayan ɗaya. Daga baya Ministan Lafiya na lokacin, Dokta Osagie Ehanire, ya ce an ƙidaya mutum 979 da suka rasu cikin birni a wannan tsakani, kuma wajen rabinsu ko fiye ana jin cutar ce sanadi. Allurar ta iso Nijeriya ran 2 ga Maris 2021. A watan Oktoba na shekarar Sakataren Gwamnatin Tarayya, Boss Mustapha, ya yi shela cewa daga ran 1 ga Disamba ma'aikacin Tarayya ba zai shiga ofis ba sai da katin allura, ko da takardar gwaji wadda ba ta wuce awa 72 ba. Gwamnatin Kaduna ta kafa irin wannan doka ga ma'aikatanta. A Edo ma Gwamna Obaseki ya so ya hana marasa kati shiga coci da masallaci da banki, har aka kai ƙara kotu. Abin da babba ya yi shi ƙarami ke kwaikwayo. Masu kamfani suka ga ƙofa ta buɗe musu su ma.

Wannan duka ya wuce. A watan Mayu 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cutar ta daina zama abin gaggawa ga duniya, ba mai tambayar kati a bakin ƙofa kuma. Domin haka ne ma mu ke ta da maganar yanzu. A lokacin da a ke cikin zafinta ba wanda ke sauraron ɗan'uwansa. Annoba kuwa ba ta yin sallama ta tafi ɗungum. Mashaƙo ya ɓarke a Kano a ƙarshen 2022 ya ci yara da yawa, kuma asibitoci sun daɗe suna so ma'aikatansu su yi allurar ciwon hanta. Wata rana za a sake tsayawa a bakin ƙofa ana neman kati.

Abin da dokar ƙasa ta ce

Mu fara da gefen kotu. Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999, a sashe na 38, ya ba kowane mutum 'yancin tunani da na lamiri da na addini. Mutane da yawa nan su ke tsayawa, su rufe littafin. Amma in ka ci gaba zuwa sashe na 45 za ka ga an yi wa 'yancin iyaka: ana iya kafa doka ta rage shi saboda tsaron ƙasa, ko zaman lafiya, ko lafiyar jama'a, ko domin kare hakkin waɗansu, muddin dokar ta dace da ƙasar da jama'a ke mulkin kansu. Watau an ba ka gona, an kuma nuna maka inda gonar maƙwabci ta soma.

Kotun Ƙoli ta auna wannan a 2001, cikin shari'ar wani likita, Dokta Okonkwo. Wata mata ce daga cikin Shaidun Jehobah ta ƙi yarda a ƙara mata jini, likitan ya girmama nufinta, ta kuwa rasu. Aka hukunta likitan, amma Kotun Ƙoli ta wanke shi. Ta ce baligi mai cikakken hankali yana da iko ya ƙi magani saboda addininsa, ko da ƙin zai kai shi kabari. Sai dai ta ƙara da cewa ikon nan yana ƙarewa a inda ya taɓa hakkin wani ko lafiyar jama'a. A 2019 kuma, cikin shari'ar Esabunor, kotun ta ce iyaye ba su da iko su hana a ƙara wa jaririnsu jini saboda addininsu. Kana iya sadaukar da ranka, amma ran wani ba naka ba ne.

To, duk wannan magana ce tsakanin mutum da hukuma, ko mutum da likita. Ina labarin mai kanti? Nan ne gizo ke saƙa. Sashe na 42, wanda ya hana nuna bambanci saboda addini, yana magana ne a kan dokoki da ayyukan gwamnati. Tsohuwar ƙa'idar da muka gada daga Ingila kuma ta ce ubangida yana iya sallamar ma'aikaci da dalili mai kyau, ko da mummunan dalili, ko ba dalili sam, in dai ya ba shi sanarwa. Dokar Ƙwadago ta faɗi tsawon sanarwar: mako ɗaya ga wanda ya yi wata uku zuwa shekara biyu, mako biyu ga wanda ya yi shekara biyu zuwa biyar, wata ɗaya ga wanda ya kai biyar. Ka ga ke nan mutumin da ya yi shekara goma yana buɗe ƙofar kanti kowace safiya, albashin wata guda ya isa a raba shi da abincinsa.

Amma dokarmu ba ta bar ma'aikaci tsirara ba. A 1996 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta duba ƙarar wata gwauruwa Kirista a ƙasar Ibo, wadda dangin mijinta suka aske mata kai da ƙarfi bisa ga al'adar makoki, alhali bangaskiyarta ta hana. Kotun ta ce ana iya neman hakkin da Tsarin Mulki ya bayar har a hannun mutum ɗan'uwanka, ba a hannun gwamnati kaɗai ba. Sa'an nan gyaran da aka yi wa Tsarin Mulki a 2010 ya ba Kotun Ma'aikata ta Ƙasa iko, a sashe na 254C, ta duba nuna bambanci a wurin aiki da zaluncin ubangida, ta kuma yi la'akari da yarjejeniyoyin duniya a kan ƙwadago. Tun daga nan wannan kotu ta sha cewa sallama ba dalili ba daidai ba ce.

Ga takarda ke nan. Amma mu da ke zaune cikin unguwa mun san yarinyar da ke sayar da magani a kanti ba ta da kuɗin lauya, sau da yawa ma ba ta da takardar ɗauka aiki. Court Road yana kusa da ƙafarta, yana nesa da aljihunta.

Yadda ta kaya a Amurka

Yana da amfani mu leƙa Amurka, gama can ne aka fi yin gardamar, daga can kuma yawancin maganganun da ke yawo a wayoyinmu su ke fitowa. Abin da mutane ba su cika sani ba shi ne Tsarin Mulkin Amurka gwamnati ya ɗaure wa hannu, bai ɗaure wa mai kamfani ba. A watan Mayu 2021 ma'aikatan asibitin Houston Methodist suka yi ƙarar asibitin domin ya tilasta allura. Alƙali ya kori ƙarar, mutum 153 suka ajiye aiki ko aka sallame su. A watan Janairu 2022 Kotun Ƙolin ƙasar ta hana gwamnati tilasta wa kamfanoni masu ma'aikata 100 ko fiye, amma a rana guda ta yarda da tilastawa ga ma'aikatan asibitocin da ke karɓar kuɗin gwamnati. Ko a nan ma hannun gwamnati aka riƙe. Kamfanin da ya ga dama yana iya kafa sharaɗinsa.

Abin da ke kare ma'aikaci a can wata doka ce ta 1964, wadda aka ƙara wa ƙarfi a 1972. Ta ce lalle ubangida ya nemi hanyar da zai sauƙaƙa wa ma'aikaci saboda addininsa, sai fa in yin haka zai jawo wa sana'ar wahala mai nauyi. A 1977 kotu ta fassara wannan da sauƙi ƙwarai ga masu kamfani, ta ce ko ɗan ƙaramin asara ya isa hujja. Haka aka zauna har 2023, sa'ad da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a kan ƙarar wani mai raba wasiƙu, Gerald Groff, wanda ya ƙi aiki ran Lahadi. Alƙalai tara duka suka ce sai ubangida ya nuna asara mai girma. Wani rukunin asibitoci a jihar Illinois, mai suna NorthShore, da ya ƙi sauraron masu neman a ɗauke musu saboda addini, ya yarda a 2022 zai biya dala miliyan 10.3 ga ma'aikata wajen 500.

Tsoro da lamiri

Yanzu mu bar kotu mu shiga zuciya, inda babu lauya. Mu a ganinmu yawancin waɗanda suka ce addini ya hana su allura, ba addini ne ya hana su ba. Tsoro ne. Ba kuwa da reni mu ke faɗin haka ba, gama tsoron mutumin Kano yana da tushe.

A 1996 sanƙarau ya kashe mutum fiye da 10,000 a ƙasar nan. Ana cikin wannan masifa kamfanin Pfizer ya gwada wani sabon magani, Trovan, a Asibitin Cututtuka Masu Yaɗuwa na Kano. Yara wajen 200 aka sa cikin gwajin, 11 suka mutu, waɗansu suka nakasa. Iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ne ba. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe yaran, bai amsa laifi ba, amma a 2009 ya sasanta da Gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Wanda maciji ya taɓa sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle. Shi ya sa a 2003, da aka baza labari cewa ɗigon shan inna yana hana haihuwa, mutane suka gaskata. Gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta dakatar da ɗigon, ba a koma ba sai a watan Yuli 2004, da aka kawo wanda aka yi a Indonesiya. Kafin a farga cutar ta tsallaka zuwa ƙasashe wajen 20 da suka riga suka rabu da ita. Ran 8 ga Fabrairu 2013 kuma 'yan bindiga suka harbe mata 9 masu aikin rigakafi a Filin Kashu da Hotoro, nan kusa da mu. Yaran da suka shanye a shekarun nan yau samari ne, muna ganinsu bisa kekunan guragu a bakin danja. Zaluncin farko ya haifi tsoro, tsoron kuma ya haifi tasa ɓarnar.

Tsoro ba zunubi ba ne. Zunubin shi ne ka ɗauki tsoronka ka sa masa rigar Allah. Akwai wani fasto a Amurka mai suna Henning Jacobson, wanda ya ƙi lambar agana a garin Cambridge. An yi masa lamba tun yana yaro a ƙasar Suwidin, ya sha wuya ƙwarai, bai so a sake ba. Shari'arsa ta kai Kotun Ƙoli a 1905, ya faɗi, aka tabbatar masa da tarar dala 5. Abin da ya burge mu game da shi ɗaya ne. Fasto ne, da Littafi a hannunsa, amma ƙararsa a kan lafiyar jikinsa da 'yancinsa ya kafa ta. Ya kira abin da sunansa.

Ina hujjojin addini da aka kawo? Biyu ne suka fi yawo cikin ekklesiya. Na fari, wai allurar ita ce alamar dabbar nan ta Ru'ya ta Yohanna sura 13. Wannan ba ya tsayuwa. Alamar da a ke magana a can ta sujada ce, mutum yana karɓarta da saninsa domin ya musunci Ubangijinsa. Ba wanda aka ce ya musunci kowa kafin a soka masa allura a dantse. An faɗi irin wannan a kan katin shaidar ɗan ƙasa da lambar banki, masu faɗin kuwa suna da asusu yau.

Hujja ta biyu ta fi nauyi, ba kuwa za mu yi mata dariya ba. Waɗansu alluran korona an sarrafa su, waɗansu kuma an gwada su, da ƙwayoyin halitta da a ke rainonsu a ɗakin bincike, waɗanda asalinsu daga jikin ɗan tayi ne tun shekarun baya. Sanannen cikinsu tun 1973 ya ke. Ba naman jariri cikin allurar, ba a kuma zubar da sabon ciki domin yinta. Duk da haka akwai mai cewa ba ya so ya ci riba daga wannan tushe ko kaɗan. Fadar Paparoma ta duba maganar a watan Disamba 2020, ta ce ba laifi a karɓa in babu wata, ta kuma ce bai kamata a mai da ita dole ba. Yawancin shugabannin ekklesiyoyi da malaman Musulunci a ƙasar nan sun ƙarfafa mutanensu su karɓa, alhazai kuma sun daɗe suna yin allurar sanƙarau da ta shawara kafin su tashi. Amma Manzo Bulus ya koya mana, a Romawa 14 da 1 Korintiyawa 8, kada mu rena ɗan'uwan da lamirinsa ke ƙyamar abin da namu ya yarda da shi. Lamiri ba ƙuri'a ba ne da za a ce masu rinjaye sun ci. Mutum ɗaya yana iya tsayawa shi kaɗai da gaskiya.

Yaya za a gane mai gaskiyar? Ba ubangida ne zai tsaga ƙirji ya duba ba, mu ma ba za mu iya ba. Amma mutum yana iya tambayar kansa. Ƙwayoyin nan an yi amfani da irinsu wajen binciken magunguna masu yawa. Shin na taɓa damuwa da haka kafin 2021? Da an ce mini tabbas allurar ba za ta cuce ni ba, da har yanzu zan ƙi? In amsar ita ce da na karɓa, to, abin da ke damuna maganar likita ce. Sai in tafi wurin likita in tambaya, ba kunya a ciki. Allurar AstraZeneca ta jawo daskarewar jini ga mutane ƙalilan ƙwarai, an kuma bayyana haka a 2021. Mai wani ciwo da ke tsoron allura yana da hujjarsa ta lafiya, ba ya bukatar aron ta addini.

A nan muna da magana da fastoci da dattawa. In ɗan ekklesiya ya zo ya ce, "Baba, rubuta mini takarda cewa ekklesiyarmu ta hana allura," alhali ba ta hana ba, kada tausayi ya sa ka sa hannu. Shaidar zur ce, ko da hatimin coci a kanta. Ɓarnarta kuma ba a kanka kaɗai za ta tsaya ba. Ran da wata 'yar'uwa za ta ƙi sa hannu a takardar kuɗi ta ƙarya, ko wani ɗan'uwa ya roƙi a bar shi ya je sujada, ubangidan zai tuna da takardarka ya ce, ai haka su ke faɗa kullum. Abin da za ka iya rubutawa da gaskiya shi ne ka san mutumin, ka san halinsa, kuma ya gaya maka lamirinsa bai yarda ba.

Daniyel da shugaban fada

Littafin Daniyel sura 1 ya nuna mana ma'aikaci mai lamiri da shugaba mai hankali. Daniyel ya ƙudura ba zai ci abincin sarki ba. Bai yi zagi ba, bai ɓoye naman a hannun riga ya ce ya ci ba. Ya roƙa. Shugaban kuwa ya gaya masa tsoronsa a fili, cewa in samarin suka rame kansa ne zai tafi. Daniyel bai ce wannan damuwarka ce ba. Ya kawo shawara a gwada su kwana goma da ganyaye da ruwa, a duba fuskarsu. Ya ɗauki nauyin ƙinsa a kansa, ya kuma kula da wuyan wanda ke bisansa.

Haka ya kamata mai ƙin allura ya yi. In an ce ka yi gwaji kowane mako, ka yi. In an ce ka sa takunkumi, ko ka koma sito inda ba cunkoso, ko ka zauna gida ran da ka ji zazzaɓi, ka yarda, ko da zai rage maka wani abu. Wanda ya ce ba allura, ba gwaji, ba takunkumi, ba canjin wuri, albashi kuma cif, wannan ba Daniyel ya ke bi ba. Akwai kuwa bambanci ɗaya da ba za mu ɓoye ba: ganyayen Daniyel cikinsa kaɗai suka shiga, numfashinka kuwa yana shiga ƙirjin na kusa da kai. Shari'ar Musa ta umarci mai gina sabon gida ya yi wa soronsa rawani, domin kada wani ya faɗo alhakin jininsa ya hau gidan. Kubawar Shari'a sura 22 ke nan. Soron naka ne, amma wanda zai faɗo ba kai ba ne.

Ubangida fa? Shi ma rawanin nan yana wuyansa. Wajibi ne ya kiyaye ma'aikatansa da masu shigowa wurinsa, saboda haka ba mu ce ba shi da ikon kafa sharaɗi ba. Amma lokacin ma'aikaci da ƙarfinsa ya saya, bai sayi jikinsa ba. Ikonsa ya kai daidai inda haɗarin ya kai, ba ya wuce nan. Nas da ke kula da jarirai bakwaini, da mai gadi da ke kwana shi kaɗai a bakin get, da akawun da ke iya aiki daga gida, ba ɗaya su ke ba. Wanda ya ɗaure su da igiya guda ragwanci ne ya hana shi tunani. Waɗansu ma, mu faɗi gaskiya, sun ga hanya ce ta rage ma'aikata ba tare da surutu ba.

Alluran ma ba ɗaya ba ne. Lambar agana tana tsai da yaɗuwar cutar ƙwarai. Da ita Dokta William Foege, likitan mishan a gabashin Nijeriya, ya soma dabarar kewaye masu cutar a 1966, har aka shafe agana daga duniya a 1980. Allurar korona ta ceci rayuka masu ɗimbin yawa ta wurin hana ciwo mai tsanani, amma da nau'in Omikron ya bayyana a ƙarshen 2021, sai aka ga mai allura ma yana kamuwa yana kuma yaɗawa. Hujjar cewa ka yi domin maƙwabcinka ta rage ƙarfi. Ingila ta lura da haka, ta janye shirinta na tilasta wa ma'aikatan asibiti a farkon 2022. Ubangidan kirki yakan sake auna sharaɗinsa in ilimi ya sake. Wanda ya riƙe shi domin kada a ce ya ja da baya, girman kansa ya ke tsaro.

Saura wuri mai wuya, ba kuwa za mu yi kamar mun warware shi sarai ba. A ce ga 'yar'uwa nas a ƙaramin asibiti a Tarauni, ɗaki huɗu, ma'aikata shida. Lamirinta da gaske ya ƙi. Cutar da ke gari tana kashe jarirai, allurar kuma tana hana yaɗuwa. Babu sito da za a mai da ita, babu ofis. A nan muna ganin mai asibitin yana da gaskiya in ya ce ba za ta taɓa jariran ba, ita kuma tana da gaskiya in ta ƙi saɓa wa lamirinta, aikin kuwa zai tafi. Abin da ya rage shi ne yadda za a rabu. A ba ta hutu har annobar ta wuce in da hali. In babu, a biya ta hakkinta duka, a ba ta takardar shaidar aiki mai kyau, kada a rubuta mata laifin da ba ta yi ba. Ekklesiyarta kuma, ko da dattawan ba su yarda da ra'ayinta ba, kada su bar 'ya'yanta su kwana da yunwa.

Kada kuma mu manta mu ma iyayengida ne. Ekklesiyoyinmu a Kano suna da makarantu da ɗakunan shan magani, suna biyan malamai da masu shara da masu gadi, cikinsu har da Musulmi. Muna ba majalisar kowace ekklesiya shawara ta sa maganar nan cikin ajandar zamanta na gaba, ta rubuta tun yanzu wane aiki ne ke bukatar wace allura, wa zai saurari mai neman a ɗauke masa, da abin da za a ba shi ya yi a maimako. A karanta wa kowane sabon ma'aikaci kafin ya sa hannu, a kuma ba shi kwafi ya tafi da shi gida.